Mayar wa Baƙi Harajin Sayayya: Yadda Tsarin Yake, da Abin da Zai Iya Yi wa Hanyar Kazaure Zuwa Nijar

Motar da ta yi lodin kaya a Kantin Kwari ko kasuwar Singa ta Kano, ta nufi Damagaram a Jamhuriyar Nijar, hanyoyi biyu ne suka fi mata kusa. Ko dai ta bi ta Ɗambatta da Kazaure, ta ratsa ƙasar 'Yankwashi, ta wuce Daura har ta kai iyakar Kwangwalam. Ko kuwa ta bi ta Ɓaɓura, ta fita ta Babban Mutum zuwa Magarya. A cikin kuɗin katifu da robobi da sabulu da lemon kwalba da ke bayan motar, akwai harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100, wanda aka ɗora tun daga ƙofar masana'anta. An ƙirƙiri wannan haraji ne domin abin da za a yi amfani da shi a cikin Najeriya, alhali waɗannan kaya a wata ƙasa za a ƙarar da su.

Baƙon da ya yi sayayya a Faransa ko Dubai ko Afirka ta Kudu yana da damar nuna rasidinsa a bakin fita, a mayar masa da mafi yawan harajin da ya biya. Najeriya ba ta da irin wannan tsari. Masu goyon bayansa na cewa ƙasa na samun fiye da abin da ta yafe. Masu sukarsa na cewa kyauta ce ake yi wa mutanen da ko ba a ba su komai ba za su zo. Ga mazauna Kazaure, Roni, Gwiwa, 'Yankwashi da Ɓaɓura, waɗanda ke zaune tsakanin babbar kasuwar Arewa da iyakar Nijar, amsar ta shafi cinikin da ke wucewa ta ƙofarsu, ta kuma shafi kason da ƙananan hukumominsu ke karɓa duk wata.

Mene ne sayayya ba haraji?

Tsare-tsare biyu ne ake yawan gwamutsawa. Na farko shi ne shagunan da ke cikin filayen jiragen sama, bayan matafiyi ya wuce jami'an shige da fice, inda ake sayar da kaya ba tare da harajin kwastam ko na cikin gida ba. An buɗe irinsa na farko a filin jirgin saman Shannon na ƙasar Ireland a 1947, ƙarƙashin jagorancin Brendan O'Regan.

Na biyu, wanda shi ne ake taƙaddama a kansa, shi ne mayar da haraji. Baƙo zai shiga shago a cikin gari, ya biya cikakken farashi har da VAT, ya nuna fasfonsa a cike masa takarda. Ranar da zai bar ƙasar sai ya gabatar da kayan da takardar ga jami'an kwastam su tabbatar da cewa kayan na fita, galibi cikin wata uku da sayensu. Daga nan wani kamfani mai zaman kansa zai biya shi, bayan ya cire la'adarsa.

Yawancin ƙasashe suna da mafi ƙarancin kuɗin da za a kashe kafin a cancanta. A Faransa sai sayayya ta haura Yuro 100. Italiya ta sauko da nata daga kimanin Yuro 155 zuwa 70 a Fabrairun 2024, Spain kuwa ta soke iyakar gaba ɗaya tun 2018. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, wadda ta fara karɓar VAT na kashi 5 a Janairun 2018, ta buɗe tsarin mayarwa a Nuwamban wannan shekarar ga wanda ya kashe Dirhami 250 ko fiye. China ta rage nata daga Yuan 500 zuwa 200 a Afrilun 2025. Saudiyya, wadda harajinta ya kai kashi 15 tun Yulin 2020, ta gyara ƙa'idojinta a 2025 domin buɗe wa baƙi wannan ƙofa, lamarin da ya shafi tsarabar da masu zuwa ƙasar ke saye.

Hujjojin masu goyon baya

Hujja ta farko ta asali ce. VAT haraji ne a kan mai amfani na ƙarshe, kuma ƙa'idar da ƙasashe suka yarda da ita ita ce a karɓe shi a inda za a yi amfani da kayan. Katifar da aka saya a Kano za a kwanta a kanta a Matamai, hakkin Nijar ne ta karɓi harajinta, kuma dokar Nijar ta tanadi kashi 19 cikin 100. Idan Najeriya ta riƙe nata, an caji kaya ɗaya sau biyu ke nan.

Ta biyu ita ce gasa. Mai saye da ke da zaɓi tsakanin kasuwanni biyu yana auna farashi, kuma ragi kaɗan na iya karkato da shi. Ta uku ita ce kuɗin da baƙo ke kashewa a gefe: masauki, abinci, kuɗin mota, ladan 'yan dako da masu ɗinkin buhu da dillalai. Ba a mayar da harajin waɗannan, domin a cikin ƙasa aka ci moriyarsu. Ta huɗu ita ce kuɗin waje da baƙon ke shigowa da su. Ta biyar, wadda ba a cika ambato ba amma ta fi nauyi a ƙasa irin Najeriya, ita ce rubutu: mai son a mayar masa da kuɗi dole ya nemi rasidi na gaskiya, ya kuma bi ta ƙofar da hukuma ta sani. Ta haka cinikin da ba ya cikin kowane littafi ke fara shiga lissafi.

Abin da ya faru a Birtaniya

Babu inda aka gwada waɗannan hujjoji a fili kamar Birtaniya. Bayan ficewarta daga Tarayyar Turai, sai ta iske kanta da zaɓi biyu: ko ta faɗaɗa tsarin ya haɗa da mazauna ƙasashen Tarayyar, ko ta soke shi ga kowa. A lokacin Rishi Sunak na ministan kuɗi, gwamnati ta zaɓi sokewa daga 1 ga Janairu, 2021, a Ingila da Scotland da Wales. Dalilanta su ne cewa ƙasa da baƙo ɗaya cikin goma ke amfani da tsarin, kuma mafi yawan moriyar a manyan shagunan Landan da kasuwar Bicester take tsayawa.

Ranar 23 ga Satumba, 2022, sabon ministan kuɗi Kwasi Kwarteng ya sanar da cewa za a dawo da shi. Ba a yi wata guda ba magajinsa Jeremy Hunt ya janye sanarwar ranar 17 ga Oktoba, bisa ƙiyasin Baitulmali cewa tsarin zai riƙa cin kusan Fam biliyan 2 a shekara. Masu shaguna da otal-otal suka mayar da martani da nasu alƙaluman. Binciken da cibiyar CEBR ta fitar a 2023 ya ce ƙasar na asarar baƙi miliyan 2 da Fam biliyan 10.7 na arzikin cikin gida a kowace shekara. A Maris na 2024 ofishin OBR, mai zaman kansa da ke bin diddigin kasafin kuɗin ƙasar, ya sake duba lissafin sokewar, ya ce ƙiyasin farko na gwamnati bai kauce hanya ba.

Tazarar da ke tsakanin waɗannan alƙaluma daga tambaya ɗaya ta taso: baƙi nawa ne ragin ke jawowa, nawa ne kuma da ma za su zo su saya ko babu shi? Duk kuɗin da aka mayar wa rukuni na biyu asara ce tsantsa ga baitulmali. Wannan kuwa a ƙasar da VAT ɗinta kashi 20 ne, inda ragin ke kaiwa kashi ɗaya cikin shida na farashi, kuma kusan kowane shago na bayar da rasidi.

Me dokar Najeriya ta ce?

An kafa VAT a Najeriya da Doka ta 102 ta 1993, aka fara karɓarsa a Janairun 1994 a kan kashi 5. Ya koma kashi 7.5 daga 1 ga Fabrairu, 2020. Ranar 26 ga Yuni, 2025, Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji huɗu, waɗanda manyan tanade-tanadensu suka fara aiki a 1 ga Janairu, 2026. An bar harajin a kashi 7.5, duk da cewa ƙudurin farko ya nemi a riƙa ƙara shi mataki-mataki har ya kai kashi 15. Hukumar tara haraji ta FIRS kuma ta koma NRS.

Abubuwa uku a cikin dokar suka shafi wannan batu. Na ɗaya, kayan da aka fitar waje bisa ƙa'ida sifili ne harajinsu. Kamfanin da ya yi rajista da hukumar bunƙasa fitar da kayayyaki ta NEPC, ya cike takardar NXP ta banki, yana iya neman a mayar masa da VAT ɗin da ya biya a kan kayan aikinsa. Ke nan Najeriya ta riga ta amince da asalin hujjar. Ƙaramin mai saye da ya zo da ƙafarsa shi ne ba a buɗe wa hanya ba. Na biyu, kayan abinci na yau da kullum ba a cajin mai saye VAT a kansu, don haka hatsin kasuwar Dawanau ba ya cikin wannan lissafi. Na uku, ba a ɗora wa ƙananan 'yan kasuwa karɓar harajin ba. Dokar kuɗi ta 2019 ta ware duk wanda cinikinsa bai kai Naira miliyan 25 a shekara ba, sabuwar doka kuma ta ƙara ɗaga wannan iyaka.

Batu na uku yana da sarƙaƙiya. Mai rumfar da bai yi rajistar VAT ba ba ya ƙara haraji a kan abin da ya sayar, amma harajin da masana'antar Sharaɗa ko Bompai ko Chalawa ta caji babban dila yana nan a lulluɓe cikin farashi. Baƙon ya biya shi, sai dai babu takardar da ke nuna hakan. Inda babu rasidi mai lambar haraji, babu abin da za a mayar.

Wane ne baƙon a wannan yanki?

Arewa maso Yamma na da abubuwan da ke jawo masu yawon buɗe ido: hawan sallar Kano da UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a Disamban 2024, marinar Ƙofar Mata, kasuwar Kurmi, rijiyar Kusugu a Daura, zanen duwatsun Birnin Kudu da fadamar Baturiya. Amma baƙon da ya fi yawa a hanyar Kazaure da Ɓaɓura ɗan Nijar ne, mai magana da Hausa, wanda sau da yawa yake da dangi a wannan ɓangare na iyaka. Ya zo sarin kaya, ko haɗa lefe da kayan ɗaki, ko ganin likita, ko biki.

A ma'aunin hukumar yawon buɗe ido ta Majalisar Ɗinkin Duniya, irin wannan mutum yana cikin lissafi. Duk wanda ya bar inda ya saba zama na ƙasa da shekara guda, ba don ya kama aikin albashi a inda ya je ba, baƙo ne, ko kasuwanci ya kai shi ko ziyara ko sayayya. Idan ya kwana, ya shiga sahun masu yawon buɗe ido.

Wannan zirga-zirga ta girmi iyakar kanta, wadda Ingila da Faransa suka shata ta yarjejeniyoyin 1898, 1904 da 1906. Lokacin da Bajamushe Heinrich Barth ya sauka Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin Kano da ake kaiwa Tumbuktu kaɗai sun kai kayan raƙuma 300 a shekara. Fatake na sauka a zango, fatoma ya ba su masauki da ajiya, ya haɗa su da masu saye, ya karɓi la'adarsa. Gardamar haraji ma ba sabuwa ba ce: gwamnatin Lugard ta ɗora wa ayarin fatake kuɗin fito a lardunan da suke ratsawa, aka yi ta kukan cewa yana daƙile ciniki, har aka soke shi a 1907.

Bambancin da ke da muhimmanci shi ne, tsarin ƙasashen Turai na kayan amfanin kai ne, waɗanda matafiyi zai ɗauka cikin jakarsa. Ba ya karɓar kayan sari. Misalin da ya fi kusa da halin Jigawa shi ne na Afirka ta Kudu. A can VAT kashi 15 ne, ana mayarwa idan sayayya ta haura Rand 250 kuma kayan suka fita cikin kwana 90. Dokar ta haɗa da 'yan kasuwar ƙetare, kuma ana karɓar takardu a wasu iyakokin ƙasa da aka keɓe, irin su Beitbridge da ke tsakaninta da Zimbabwe.

Nawa ne a hannu?

A ɗauka ɗan kasuwa daga Magarya ya sayi kayan Naira 1,075,000 a wurin dila mai rajista. Harajin da ke ciki Naira 75,000 ne, wato ƙasa da kashi 7 cikin 100 na abin da ya biya. Idan kamfanin da ke gudanar da tsarin ya cire la'ada, abin da zai shiga aljihunsa bai kai haka ba. Kuɗi ne mai amfani ga mai cin riba kaɗan a kan kaya masu yawa, amma dole ya auna shi da abin da zai biyo baya: da zarar kwastam ɗin Najeriya sun rubuta kayansa, ya zama da wuya ya ɓoye su ga na Nijar, inda kashi 19 da sauran kuɗaɗen shigo da kaya ke jiransa. Ga mutane da yawa, karɓar kashi 7 domin a biya kashi 19 ba ciniki ba ne.

Ta ɓangaren gwamnati ma lissafin yana da tsauri. A ɗauka baƙi na sayen kayan Naira biliyan 1 a shekara kafin a ɗora haraji. Gwamnati na samun Naira miliyan 75. Ranar da aka fara mayarwa, wannan kuɗi ya tafi, kuma duk ƙarin kayan da baƙin za su saya ba zai kawo VAT ba, tunda shi ma mayarwa za a yi. Kafin a cike giɓin ta hanyar VAT kaɗai, sai baƙin sun kashe ƙarin Naira biliyan 1 a kan masauki da abinci da hidimomin da ake caja. A Landan ko Dubai, otal da gidan abinci suna cikin rajista. A Kazaure da Ɓaɓura, baƙo a gidan ɗan'uwa ko na dillali yake kwana, a wurin mai tuwo yake cin abinci. Kuɗin na shiga hannun jama'a, kuma wannan amfani ne na gaske, sai dai kaɗan ne daga ciki ke komawa baitulmali.

Akwai kuma tambayar asalin kayan. Tun bayan durƙushewar yawancin masaƙun Kano da Kaduna, kaso mai yawa na atamfa da shadda da leshin Kantin Kwari daga ƙetare suke zuwa, musamman China, kuma an daɗe ana shigo da wasu ta Kwatano da Maraɗi. Ragin haraji a kan irin waɗannan kaya ribar dillanci kawai yake ƙarawa. A kan robobi da katifu da takalma da sabulun da ake ƙerawa a Kano kuwa, yana iya zama ƙarin aiki ga ma'aikacin masana'anta.

Abubuwan da suka fi harajin nauyi

Shekarun baya-bayan nan sun nuna abin da ke juya cinikin wannan hanya. A Agustan 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, ba a sake buɗe Maigatari da Illela da Seme da Mfum ba sai 16 ga Disamba, 2020. Jibiya kuwa sai Afrilun 2022. A Nuwamban 2019 Hukumar Kwastam ta hana kai man fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023 a Yamai, ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka sake rufe iyaka har zuwa Maris na 2024. A Oktoban 2024 Nijar ta hana fitar da hatsi zuwa ƙasashen da ba Mali da Burkina Faso ba, kuma ficewar ƙasashen uku daga ECOWAS ta tabbata a 29 ga Janairu, 2025.

Sai kuma canjin kuɗi. Sefa na ɗaure da Yuro a kan 655.957, ba ta motsi sai Yuro ya motsa. Naira kuwa, bayan Babban Bankin Najeriya ya saki farashinta a Yunin 2023, ta tashi daga kimanin 460 a kan Dala a farashin hukuma zuwa sama da 1,500 a Fabrairun 2024. A kasuwar bayan fage, wadda ita ce masu canji na Wapa da na bakin iyaka ke bi, farashin ya ninka. Cikin wata takwas, mai riƙe da Sefa ya samu rangwamen da ya ninka na VAT sau da yawa, ko da yake hauhawar farashi, wadda ta haura kashi 30 a lokacin, ta cinye wani sashe. Sakamakon bai yi wa kowa daɗi ba: kayan abinci suka riƙa kwarara waje, jami'an kwastam suka shiga tare motocin hatsi, jama'a na kukan tsada.

A kan wannan akwai shingayen bincike, waɗanda direbobi da 'yan kasuwa suka daɗe suna kokawa da yawansu da kuma kuɗin da ake karɓa a wurinsu ba tare da rasidi ba. Haraji sananne ne, ana iya sa shi cikin lissafi tun kafin a bar gida. Abin da ba a san adadinsa ba, da iyakar da za a iya wayar gari a ga an rufe, su ne ke sa mai saye ya canza kasuwa.

Haɗarin kaya su zagayo

Babbar ɓarakar wannan tsari a ko'ina ita ce a karɓi kuɗin mayarwa amma kayan su tsaya a cikin ƙasa. Japan, wadda ta saba cire harajinta na kashi 10 tun a kan kanta, ta gano cewa ana sayen kaya da sunan baƙi ana sake sayar da su a gida. Saboda haka ta yanke shawarar komawa tsarin biya tukuna a mayar a bakin fita, daga 1 ga Nuwamba, 2026. Wannan tsibiri ke nan, wanda ba a fita daga cikinsa sai ta jirgi.

Iyakar Najeriya da Nijar ta kai kimanin kilomita 1,500, kuma mafi yawanta fili ne da gonaki. Kayan da aka buga wa hatimi a Kwangwalam da rana na iya dawowa a bayan babur ta ɓarauniyar hanya kafin asuba, a sayar da su ƙasa da farashin mai shagon da ya biya harajinsa. Tantance wane ne baƙo ma aiki ne, a yankin da iyali guda ke zaune a ɓangarori biyu. Tallafin man fetur ya riga ya koyar da cewa duk inda aka samu farashi biyu a kan kaya ɗaya kusa da iyaka, 'yan fasa-ƙwauri za su gano tazarar kafin hukuma.

Aljihun wa za a taɓa?

VAT ba na Gwamnatin Tarayya kaɗai ba ne. An tara sama da Naira tiriliyan 6 a 2024. A ƙarƙashin sabuwar doka, daga kowace Naira 100, Tarayya na ɗaukar 10, jihohi 55, ƙananan hukumomi 35. A da rabon 15, 50 da 35 ne. Kason jihohi ana raba rabinsa daidai wa daida, kashi 20 bisa yawan jama'a, kashi 30 bisa inda aka yi amfani da kayan. Wannan rabo shi ne abin da aka daidaita a kansa bayan gwamnonin Arewa sun ƙi amincewa da ƙudurin farko a Oktoban 2024.

Ma'anar haka ita ce, duk Nairar da aka mayar wa baƙo daga tukunyar kowa ta fito. Shagunan da ke da rajistar da za ta ba su damar shiga tsarin a Legas da Abuja da Kano suka fi yawa. Idan aka kafa shi a filayen jiragen sama kaɗai, kamar yadda ƙasashe da dama suka fara, 'Yankwashi da Roni da Gwiwa, tare da sauran ƙananan hukumomi 24 na Jigawa, za su ba da gudummawa ga rangwamen da ba a ci kasuwarsa a ƙasarsu ba. Kukan da aka yi a Birtaniya ke nan game da Landan.

Abin da ya kamata a sa wa ido

Hujjar mayar da haraji tana da ƙarfi a asali, kuma dokar Najeriya ta riga ta amince da ita ga manyan masu fitar da kaya. Abin da ya rage shi ne ko akwai kayan aikin da za su sa ta yi amfani ga ƙananan masu saye. Uku daga cikinsu suna kan hanya.

Na farko shi ne rasidin lantarki, wanda hukumar haraji ta fara da manyan kamfanoni a Agustan 2025. Sai ya sauko har kan manyan dilolin Kwari da Singa da Ƙofar Wambai kafin a iya sanin harajin da ke cikin dilar kaya. Na biyu shi ne layin dogo na Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kilomita 284, wanda aka amince da kwangilarsa kan Dala biliyan 1.96 a Satumban 2020, aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, kamfanin Mota-Engil ke gina shi. Zai bi ta Ɗambatta, Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya. Kayan da aka rufe cikin tarago a Kano ko Kazaure, ba a buɗe ba sai a Maraɗi, sun fi sauƙin tabbatarwa fiye da na kan titi. Na uku su ne wuraren da doka ta riga ta keɓe: yankin ciniki maras shinge na Maigatari a Jigawa, da tashar tsandauri ta Dala a Kano da aka ƙaddamar a Janairun 2023. Gwaji a ƙofa ɗaya, a kan kayan da aka ƙera a Najeriya kaɗai, da alƙaluman da ake wallafawa, zai nuna ko ragin na kawo sabon ciniki ko tsohon kawai yake biya. Hukumar Haɗin Gwiwa ta Najeriya da Nijar, wadda aka kafa a 1971, tana cikin zaurukan da suka rage wa ƙasashen biyu na daidaita takardun kwastam tun da Nijar ta bar ECOWAS.

Duk ɗan majalisa ko ɗan takarar da ya zo da wannan shawara, akwai tambayoyi huɗu da za a iya yi masa: a wace ƙofa za a riƙa mayar da kuɗin, a kan waɗanne kaya, wa zai tabbatar sun fita ba su dawo ba, kuma nawa za a rage daga kason ƙaramar hukuma a shekarar farko.